Ranar da Baba Ya Ƙame a Cikin Ordinata

Bayan rasuwar Baba, bidiyo ɗaya ne ya rage mana mai muryarsa. Ƙanena ya ɗauke shi da waya a gonarmu ta hanyar Sabon Maci, lokacin girbin gero. Wayar ta daɗe da ɓata, bidiyon kuma yana cikin tsohuwar ordinata, wato kwamfutar da nake shirya darussan lakwal da ita, makarantar da nake koyarwa.

Wata Juma'a da la'asar Inna ta ce tana son ganinsa. Muka zauna bisa tabarma, na kunna. Ga Baba da malfarsa yana ɗaure dami, yana yi wa ƙanena tsiya. Sai na ji ƙara daga cikin ordinatar, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da farce. Baba ya ɗan ci gaba da magana, sannan ya ƙame, baki buɗe, idonsa a kanmu.

Inna ta damƙe hannuna. "Innalillahi! Mi ya same shi? Rufe, rufe!"

Haka fuskarsa take ranar da ya faɗi a ƙofar gida. Na rufe ordinatar, amma ƙarar ba ta daina ba sai da na cire batir.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara kusa da tasha, dattijo mai tabarau. Ya kunna, ya kara kunnensa yana saurare.

"Madam, diski ne ke mutuwa," in ji shi.

"Amma ai Baba ya ci gaba da magana bayan ƙarar ta fara."

Ya ɗauko wani mataccen diski ya nuna mini. A ciki akwai faifai mai juyawa da allura mai karantawa, a bayansa kuma wani ɗan baƙin abu da bai kai farce ba. Ya ce allurar ba ta jira a tambaye ta, tana karanta na gaba ta zuba a ɗan abin nan, daga nan ordinata ke ɗiba.

"Kamar kwamin shayarwa ne a bakin rijiya. Ko igiyar guga ta tsinke, dabbobi za su sha abin da ke ciki kafin ya ƙafe. Maganar da kika ji, ragowar da aka riga aka ɗebo ce. Allurar ta iso wurin da ya lalace, tana komawa tana sake gwadawa, ita ce ƙarar."

"Za a samo bidiyon, Malam?"

"Sai abin da Allah ya yi. Kowace kunnawa ƙara cinye diskin take."

Ya soka kile, ɗan abin ajiyar nan mai kamar makulli, ya fara kwafa. Wani koren layi ya riƙa tafiya a allo, ya ruga, ya tsaya cak. Duk tsayawa sai ƙas, ƙas. Ya ce rugawar ta abin da aka tara ce, tsayawar kuma jiran allura. Zafi ake yi sosai, ni ko idona na kan fankar shagon, don batirin ba ya daɗewa da wuta, in kuran, wato lantarki, ya ɗauke shi ke nan. Ban san ina karanta addu'a da ƙarfi ba sai da ya ce amin.

Kafin azahar layin ya kai ƙarshe. Ya tsallake wurin da ya lalace, don haka a sabon kwafin Baba na tsakiyar magana sai a gan shi yana ɗora dami a amalanke. Abin da ya ce a tsakani ya tafi.

Na tura wa ƙanena da yayyena kwafi a ranar. Inna kuwa ta ƙi kallo har damina ta kewayo. Da ta yarda, sai ta ce in juya allon ya fuskanci bango, ta saurari muryar kawai tana tsinkar zogale.