Matar da ta ce da sauƙi

Shekara huɗu na yi ina aikin jinya a ɗakin gaggawa na wani asibiti a Lafia, har na ɗauka na san mutanenmu kamar yunwar cikina. 'Yan unguwar Akurba, Eggon ne ko Alago, zazzaɓi na ɗan tsananta za ka gan su a kan acaba. Tibi na wajen Obi sukan zo da motar doya cike da dangi, ana kuka ana addu'a. Fulani kuwa ba ma ganinsu sai abu ya ci tura, mu kuma a tsakaninmu mu ce rashin wayewa ne.

Wata Laraba da hantsi, cikin damina, aka kawo mutum uku daga hatsarin mota. Ina ta kai da kawo. A ƙarshen bencin masu jira akwai wata Bafulatana zaune, ta sunkuyar da kai, surukarta na gefe. Na ce mata, "Yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Na wuce wajen masu ihu.

Can sai wata dattijuwa 'yar Tibi, da ta rako ɗanta, ta riƙe min riga.

"Sista, duba ƙasa. Wannan mata, jini yana zuba."

Jini ya kwanta a ƙarƙashin bencin. Ashe kwananta biyu da haihuwa a rugarsu bayan ƙauyen Arikya, mabiyiya ba ta fita duka ba. Muka ɗauke ta a guje, likita ya yi mata wankin ciki, aka ƙara mata jini. Allah ya yi da sauran kwananta.

Da la'asar na tambayi surukar, da ɗan faɗa, me ya hana su magana.

Ta ce, "'Yata, mu ba a koya mana raki a gaban baƙi ba. Bara ma mun kawo ƙanenta, muka wuni a nan, ba wanda ya kira mu, muka koma da shi."

Ban iya tambayarta abin da ya sami ƙanen ba.

Washegari na roƙi shugabarmu a riƙa auna kowa da zarar ya zauna, ko ya yi kuka ko bai yi ba. Ta yarda. Ba zan ce Fulani sun ƙaru a bencinmu bayan haka ba. Matar dai ta yi mako guda aka sallame ta, ta tafi da ƙafarta, kuma har yau ban san abin da suka faɗa a rugar a kanmu ba.