Bugun Ƙofar da Kawu Ya Kai Majalisa

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Haruna, yayan mahaifiyata, kuma har yau in aka taɓa ƙofarmu a unguwar Waziriyya ta Jidda sai Umma ta rage muryar talabijin ta kasa kunne.

A gidan nan aka haife shi, jikan alhazan da suka zo daga Kano ba su koma ba. Karatu ya kai shi Amurka, ya zama ɗan ƙasa, har aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin wata jiha, a zauren da baƙar fata ba su da yawa. Ina yarinya nakan zana shi a raina yana tafiya cikin dusar ƙanƙara, carbi a aljihun kwat, ina ganin duniya ba ta da mai gaskiya kamarsa. Ra'ayinsa bai taɓa ɓoyuwa ba. Yana cewa kada a tambayi mara lafiya takarda kafin a duba shi, kuma yaro ɗan inda aka haife shi ne.

A layinmu akwai yadda na gida ke buga ƙofa. Za ka dafa ƙarfen da tafin hannu, sannan ka ja zobe ko makulli a jikinsa a hankali. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kafilin da ya tsaya masa bai sabunta ba, in ya ji haka sai ya ci gaba da shan shayinsa. In ya ji wani bugun daban, sai ya nemi bayan gida ko saman rufi.

Ranar da ake muhawara kan dokar da ya kawo ta hana asibiti tambayar takarda, Kawu ya ba 'yan majalisa labarin, ya dafa teburinsa, ya ja zobensa a kai. Zaure ya yi tsit, doka ta wuce, bidiyon ya zaga duniya. Da ya zo Umra bayan haka, Umma ba ta bari ya gama cin tuwo ba.

"Yaya, wa ya aike ka? Abin da ke rufa mana asiri ka kai a tafa maka?"

"Haba Hajara, wa zai gani a Jidda? Da shi fa na ci dokar."

"Kai ka ci doka. Mu me muka ci?"

A lokacin bayansa na bi. Yanzu in na sake kallon bidiyon, abu ɗaya ke tsaya mini: kafin ya ɗaga hannun, sai da ya nemi inda kyamara take. Wataƙila ina zaluntarsa. Ban sani ba.

Magadansa a jam'iyya yanzu da bugun suke buɗe taro, suna yi a kan tebur suna murmushi. Ko me zai ce in ya gani?

Makon jiya bayan la'asar muka ji shi a ƙofarmu, tafi da jan zobe, daidai. Inna Rabi mai lalle, wadda takardunta suka daɗe a hannun kafili, tana zaune a falonmu, ko motsi ba ta yi ba. Har na kai hannu kan sakata Umma ta riƙe ni, ta leƙa. Maza biyu ne da jakar kyamara, ba mu taɓa ganinsu ba. Suka ce fim ɗin tunawa da marigayi suke haɗawa, suna son ganin maƙwabta, musamman marasa iƙama.

"Wa ya koya muku bugun?" in ji Umma ta bayan ƙofa.

"A intanet muka gani, Hajiya."

"To intanet ɗin ya buɗe muku. Yalla, ku wuce."

Mai yiwuwa masu fim ne da gaske. Amma sunayen wa suke nema, kuma wa zai kalla? Inna Rabi ta ajiye kofinta.

Kafin magariba matan layin suka shirya sabon bugu. Ba zan rubuta shi a nan ba.

An ce dokarsa tana nan tana aiki, akwai uwayen da ake duba 'ya'yansu ba a tambaye su komai ba, kuma ina roƙon Allah Ya sa wannan a mizaninsa. Mu kuma ya bar mana ƙofar da muka daina yarda da ita. Na tambayi Umma, da yana raye, za ta koya masa sabon?



"Allah Ya jiƙan Yaya," ta ce. "Sai dai ya tsaya ya faɗi sunansa, kamar kowa."