Koren da Bappa Bai Gani Ba

Yau jikata ta zuba shuɗin fenti a kan rawaya, ta ɗago tana tambayata ko ya yi. Nan take wani tsohon malamin zane da muka yi aiki tare ya faɗo mini a rai. Bappa muke ce masa.

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ne, ina sabuwar malama a wata makaranta a Jimeta. Fenti ya ƙare, sai ya jiƙa bulun wanki da garin kurkum a marfin gwangwani. Ajin ya ɗauki ƙamshin miya. Ya dama da yatsa yadda ya saba, yara suka yi shewa, "Kore!"

Shi bai yi dariya ba. Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Ɗiyata, ya yi duhu ko ya yi haske? Idanun nan sun daina gaya mini. Kada hedimasta ya ji, ina da iyali."

Shekara biyu ina raɗa masa launi, har ya ajiye aiki babu wanda ya sani.

Allah Ya ji ƙansa, Ya hutar da shi, mu ma Ya sauƙaƙa mana tsufa.