Kabarin da Na Hana a Tona

Bayan yaƙin basasa muka koma Inugu, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, muka kama ɗaki a unguwar Ogui. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, duk inda ka duba gwamnati na gini. Maigidana ya samu aikin lebura wurin wani ɗan kwangila mai gina makaranta. Kullum ya dawo fari fat da siminti, sai in tsokane shi, in ce ashe Bature na aura ban sani ba.

Ya taɓa gaya mini gwamnati ba ta ba da kwangila sai an yi wa ma'aikata inshora, wai in mutum ya mutu a bakin aiki a biya iyalinsa diyya. Na ce ya daina yi mana mugun baki.

Wata Talata da hantsi katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga saman bene. Abokan aikinsa, duk yaran Arewa, ba su jira kowa ba. Suka ɗauko shi suka kawo unguwa, aka yi masa wanka, liman ya sallace shi. Kafin la'asar yana makwancinsa. Gata suka yi masa, har yau ina sa musu albarka.

Ana cikin zaman makoki ma'aikacin inshora ya zo, wani ɗan Ibo mai sanyin murya da ke jin Hausa. Ya tsaya daga bakin ƙofa saboda ina takaba.

"Madam, sannu da haƙuri. Wane likita ya duba gawar?"

Na ce babu.

 Sai ya ce ba a biyan diyya sai likita ya shaida abin da ya kashe mutum, kuma hanya ɗaya ta rage, a tono shi.

Na aika a tambayi liman. Ya zo da kansa, ya ce, "'Yata, mijinki ne, marayun ma naki ne. Ba zan zaɓa miki ba." Na ji haushinsa ranar, don so nake wani ya ɗauke mini wannan nauyi.

Na ce a bar mijina ya huta.

Ƙosan da nake soyawa bai iya riƙe mu ba. Shekara na zagayowa na cire babban ɗana daga makaranta, ɗan kwangilar nan ya ɗauke shi aiki, wai taimako. Ranar farko ya shigo da yamma fari fat da siminti, ya tsaya yana murmushi, yana jira in faɗi abin da nakan faɗa wa babansa. Na miƙa masa bokitin ruwa, na shige ɗaki.