Hannuna a Kan Jikata

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba mai yin tafiya sai Malam ya ɗora masa hannu a ka. Malam mijina ne, direban motar asibiti, rediyo kullum a kunnensa. Shi ya san wace ƙasa ke gaba da wace. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Da ya rasu sa albarkar ta dawo kaina, har yau kuwa in an ambace shi sai na yi kuka.

Jikata, 'yar babban ɗana, likita take son zama. Malam ya sa mata albarka ta tafi Yukren. Yaƙi ya koro ta, ta dawo da jaka ɗaya da kumburarrun ƙafafu. Aka samo mata makaranta a Sudan, Malam ya ce nan kam gida ne. Ba ta shekara ba sojojin ƙasar suka kama harbin juna. Ta sake dawowa, ta tarar da Malam a kwance ba lafiya.

Bana sai ga takarda, wai Rasha ta ba ta gurbin karatu kyauta. 'Ya'yana biyu suka zo da yarinyar ɗakina bayan la'asar.

Na ce, "Ba Rashar ce ta koro ki daga Yukren ba?"

Ta ce, "Ita ce, Inna."

Ubanta ya ce, "Inna, duniya ta juya. Nijar ma sun sallami Faransa sun kira Rasha."

Ƙaninsa, mai aikin jinya a Tarauni, ya yi tsaki. "Yaya, kai da labarin waya. Amurka da Turai na ta tura makamai, wa ya san inda wutar za ta faɗa gobe? A kai ta Sin."

"Malamin allura, Sin da Rasha ai bakinsu ɗaya."

Na tambaya, to na Sudan wa ke ba su bindiga? Ɗaya ya ce har da Larabawa. Na ce waɗanda muke zuwa hajji wurinsu? Suka ce a'a, wasu dai. Na ƙirga da yatsu, abokin wannan maƙiyin wancan, sai lissafin ya kuɓuce mini.

Kwana uku ban ɗora mata hannu ba. Rana ta huɗu yarinyar ta durƙusa gabana ta ce, "Inna, sa'o'ina suna duba marasa lafiya, ni har yanzu ina aji biyu."

Na ce a faɗa mini ƙasa ɗaya da yaƙi ba zai je ba, in tura ta can.

Da na ga babu irin wannan ƙasar, sai na ɗora mata hannu. Na ce Allah Ya kai ki, Ya dawo da ke da ƙafarki. Ta tafi ranar Laraba. Ta bugo waya ta ce sanyi ne kawai ke damunta. In an ce ana gwabzawa a can, sai in shimfiɗa sallaya in ɗaga hannu, in rasa wanda zan roƙa wa nasara.