Firmin, Mawaƙin da Ba Shi da Waƙa

Rubuta, jikata, kuma kada ki gyara min baki. Firmin Delpeuch ake ce masa, ɗan mai gasa burodin nan na bakin gada. Murya kam Allah ya ba shi, wannan ba mai hana shi. Hankali ne aka raba yana barci.

A garinmu kowane namiji da waƙarsa. Ranar da aka gama tsinkar inabi, aka ci aka sha a rumfar mai gona, sai mai gida ya ƙwanƙwasa kofi da wuƙa ya kira suna, mai sunan ya miƙe ya rera tasa, jama'a su yi masa amshi. Muddin mutum yana numfashi ba mai taɓa masa ita, in ya mutu kuma ita ake yi masa a bakin kabari. Ta gidan su Firmin ta faɗa hannun wansa, shi ya tashi hannu rabbana. Abin da ya ci masa rai ke nan tun yana ɗan mitsitsi: a kira sunansa a wannan tebur.

Maimakon ya yi haƙuri wani tsoho ya bar masa tasa, sai ya saɓi jita ya hau jirgin ƙasa, sai Paris. Can ya yi ta bin mashaya yana tsara waƙoƙin soyayya, ana hira yana yi, ana biyansa da miyar albasa. Da yunwa ta ishe shi sai ya tuna da waƙar Baba Anselme mai haɗa gangunan giya, ta alfadarin da ya ƙi tsallake gada. Ya zuba mata kiɗa, aka buga a faifai da sunansa.

Ana karta a shagon Odile mai sayar da kofi a nan garinmu, rediyo ya sako ta. Odile ta daskare da butar kofi a hannu.

"Baba Anselme, ba alfadarinka ba ne wannan?"

Tsohon ya kasa kunne har ta ƙare. Ya ce, "Shi ne. An yi masa kwalliya dai."

Da girbi ya zo aka kira sunansa, bai ko motsa ba. Ya ce, "Ku wuce ni. Tawa ta tafi birni." Bai sake buɗe baki a tebur ba har ya koma ga Ubangijinsa.

Shi kuwa gogan, tashen nasa bai wuce na balbela ba. Rani ɗaya aka yi yayinsa. Ya dawo mana da furfura, da baƙin tabarau, da wani jan ƙyalle a wuya ko da ana zufa. Hukuma ta ba shi koyar da kiɗa a makarantar gari. Kullum da safe sai ka ji yara ta taga: do, re, mi, su hau su sauko, su hau su sauko, kamar masu gyaran rufi. Yana kaɗa musu sanda yana cewa, "Daga ciki, 'ya'yana, daga ciki! A Paris haka muke yi."

Duk girbi yana zuwa, ya zauna kusa da mai gida, ya gyara ƙyallensa, ya yi ta gyaran murya. Wuƙa ta kira na damansa, ta kira na hagunsa.

Wansa ya ce masa, "Ƙane, tari kake yi? Sha ruwa mana."

Shekarar da abin ya ishe shi, a gonar Léonie, 'yar Baba Anselme, ake cin abincin girbin. A ransa ya ce ai mai waƙar ya mutu, kuma duk ƙasar nan da muryata aka san ta. Ba a kira shi ba ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya ɗauko alfadari. Baitin farko ya fita tas. Ya zo wurin amshi ya ware hannuwa yana jira.

Tsit. Ba ka jin komai sai ƙarar cokula. Wata ɗalibarsa ta buɗe baki, uwarta ta mintsine ta a ƙarƙashin tebur. Ya sake ɗaukowa, ya sake zuwa wurin, ya sake ware hannuwa kamar mai shanyar wanki.

Léonie ta ce, "Malam, in ka gama, miƙo mana cukun da ke gabanka."

Ya miƙa kuwa. Ya zauna. Bai fasa zuwa ba, bai kuma sake miƙewa ba.

Ranar da aka kai shi makwanci, fadan coci ya rufe littafinsa ya ce, "To, wace ce tasa?" Mutumin da ya tsara waƙa ta fi ɗari! Aka yi ta kallon-kallo, kowa na murza hula. Can wani ƙato da ya taɓa zama a ajinsa ya ga shirun ya yi yawa, ya ɗauko do, re, mi. Sauran suka kama. Suka hau, suka sauko, aka tura ƙasa.