Tsingaron da Ba Ta Karanta Ba

Malamin tarihinmu a aji biyu na sakandaren 'yan mata a Kafanchan ba ya yarda a koyi abu da baki kawai. Da ya koya mana Sparta, sai da muka yi kwana uku muna zuwa aji ba takalmi, wai mu ɗanɗana horon yaransu. Muka sha dariya. Da aka zo kan Atina, wadda muka saba jin sunanta a coci, ya ce mutanen birnin suna da wata al'ada: kowa ya ɗauki tsingaro ya rubuta sunan wanda yake ganin ya fi ƙarfin gari, wanda sunansa ya fi yawa a kore shi shekara goma. Mu ma za mu gwada, amma namu kwana goma ne a bencin baya, ba mai yi maka magana.

Ƙawata ce ta kawo tsingaron. 'Yar Nok ce, a gonar babanta da an yi huɗa fasassun tukwane ke fitowa, ta ciko mana kwando. Kullum ita ce ta ɗaya a aji, ni ta biyu. Gadonta na saman nawa, tana ba ni gyaɗa, tana gyara mini rubutu. Ni kuwa, 'yar akawun jirgin ƙasa mai takalmi ƙafa biyu, na kasa haɗiye cewa 'yar ƙauye ta fi ni. Gaskiyar ke nan, ba zan ɓoye ba.

Ranar gwajin aka yi ta raɗa a aji: a rubuta ta, ta cika ɗaga hannu. Na ce a raina, mutum talatin, wa zai gane? Na ɗauki ƙusa na karce sunanta, na jefa a kwando.

Malam ya juye kwandon a tebur, ya ce wadda ta fi iya karatu ta zo ta karanto. Ita ke nan. Ta tsaya tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan kanta, muryarta ko rawa ba ta yi. Can ta ɗauki wani, ta daɗe tana dubansa, ta jefa a aljihu ba ta karanta ba. Malam ya ga wasa ya ɓaci, ya ce a bar maganar, amma ta kwashi littattafanta ta koma baya. Ta cika kwana gomanta cif. Ni ma ban kula ta ba, na fake da doka.

Ran na sha ɗaya na same ta a bakin famfo.

"Sista, an gama ai, ki dawo wurinki."

Ta ciro tsingaron ta sa mini a tafin hannu. "Hannunki ne. Ni ce na koya miki lanƙwasa wannan harafi."

Da na ce ta yi haƙuri, na san za ta yi. Sai bakina ya ce, "Wasa ne fa."

Ta ɗauki bokitinta ta tafi. A makon nan ta sauya gado. Muka ƙara shekara uku a makaranta ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma girman kai bai bar ni na gyara ba. Ina jin kunyar abin har yau.

Tsingaron yana ƙasan akwatina. Mutanen Atina, in shekara goma ta cika, nasu yakan dawo gida. Tawa ƙawar, an wuce shekara arba'in ba ta dawo ba.